Idan Damina Ta Yi Jinkiri: Yadda Muke Bi Daga Binne Har Filin Roƙon Ruwa

A ƙasar Gumel, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar har Maigatari a bakin iyaka, ruwan shuka yakan sauka ne cikin watan Yuni. Wata shekarar a yi shuka tun farkon watan, wata shekarar kuma Yuni ya ƙare tas, Yuli ya kama, ana ta kallon gabas hadari yana haɗuwa yana bajewa. Mutanen Birnin Kudu da Gwaram sukan riga mu samun ruwa, kuma nasu yakan daɗe bayan namu ya ɗauke. Tamu daminar gajera ce, daga tsakiyar Satumba ta fara sallama. Duk kwanan da ya wuce ba a yi shuka ba, daga cikin kwanakin gero aka zare shi. Shi ya sa zaman jiran ruwa a wurinmu aiki ne mai tsari, rabinsa a gona rabinsa a masallaci.

Shiri yana farawa tun shamuwa ba ta iso ba. Cikin Afrilu da Mayu an share gona, an kai takin gida a amalanke an jibge shi tsibi-tsibi. Ba ma baza shi sai ruwa ya matso, don kada rana da iska su tafi da amfaninsa. Sai a sauko da damin iri, a sussuke, a sheƙe, a gwada shi. Gwajin ba wuya: a ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba, a jera a kan jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a ajiye a inuwa kusa da randa ana yayyafa masa ruwa safe da yamma. Bayan kwana 4 ko 5 a buɗe. In 80 ko fiye sun tsira, iri ya yi. In sun tsaya wajen 60, za a iya shukawa, amma a ƙara abin da ake jefawa a rami. In ba su kai rabi ba, wannan hatsin tuwo ne, a nemi wani irin tun bai yi tsada ba.

Daga nan sai a raba irin uku, kuma a ganina duk cikin shirin damina babu abin da ya kai wannan. Kashi ɗaya na shukar farko, na biyu na cike gurbi ko sake shuka, na uku kuwa a ɗaure bakinsa a ɗora can sama, a gaya wa uwargida da yara cewa wannan ba na daka ba ne ko da tukunya za ta kwana a kife. Hekta ɗaya ta gero ba ta cin fiye da kwano 2 zuwa 3 in mai jefa irin yana da hannu, don haka kwano 8 ya ishi mai hekta ɗaya ya yi shuka har sau uku. Maganin da ake cuɗa iri da shi, irin su Apron Star, ƙunshi ɗaya mai giram 10 yana ɗaukar kilo 4, wato kwano ɗaya da rabi ko ɗan fiye. Abin da za a shuka a ranar kaɗai ake cuɗawa. Irin da ya sha magani ya zama guba, ba ya komawa tukunya, ba a ba kaji. Wanda ya cuɗa duka kashi ukun lokaci ɗaya, in damina ta yi kyau ragowar ta zama asara.

Sai binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, wanda kowace shekara sai an yi musu a kansa a gindin bishiya. Amfaninsa a fili yake. Ranar da ruwan shuka ya sauka kowa gonarsa yake nufa, ba ka samun ɗan ƙwadago, mai gona uku kuwa ba zai gama su kafin laima ta gudu ba. Geron da ke cikin ƙasa tun kafin ruwa shi ke cin moriyar ruwan farko gaba ɗaya, yakan kuma riga na shukar ruwa nuna. Amma yana da sharuɗɗa. A ƙasar jigawa mai rairayi ake yinsa, ban da dabaro da fako. Gero ake binnewa, ban da wake da gyaɗa, waɗanda zafin ƙasa da ƙwari ke lalatawa. Rami ya kai zurfin gaɓar yatsa biyu, ya fi na shukar ruwa, a kuma take shi da diddige sosai. Ba a sa takin zamani a ramin. Ba a kuma yinsa da wuri ainun, domin irin da ya yi wata guda a ƙasa ya zama abincin tururuwa da ɓera da kurege da zabi.

Babban abin da ke kashe binne ba rana ba ce, yayyafi ne. Ruwa ya zo ɗan kaɗan, ya jiƙa saman ƙasa kamar yatsa biyu, iri ya ji laima ya fasa, saiwa ta nufi ƙasa ta tarar da busasshen rairayi. Rana uku ta yi masa yawa. Dalilin zurfafa ramin ke nan, don ƙaramin ruwa ya wuce bai taɓa irin ba. Akwai kuma iskar da ke gaban hadari, wadda ke kwasar yashi ta yanke tsiro ko ta rufe shi. Gonar da aka bar wa ɗan kara da kututturan sabara da kalgo ta fi tsira daga wannan bisa wadda aka share ƙal. Saboda haka mu ba ma binne gona duka. Gonar nesa ake binnewa, ko kashi ɗaya cikin uku na babba, sauran a jira.

Shukar ruwa kuma tana da ma'auninta. A samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, a cire murfin tas, a ɗora a kan turmi a fili, nesa da bishiya da bakin rufin kwano. Da safe a tsoma rular ɗan makaranta. In ruwan ya kai santimita 2, na dare ɗaya ko na kwana biyu a jere, an kama hanya. Duk da haka sai an je gona an tona da hannu, a tudu, ba a kwari ba. Laima ta wuce tsawon tafin hannu, ƙasar kuma in an dunƙula ta ta tsaya ba ta warware ba. In aka tarar da busasshen rairayi ƙarƙashin yatsa huɗu, a saɓa sungumi a koma gida. Nan ne wuri mafi wuya, don kuwa za ka gamu da maƙwabta sun fito da yaransu suna sara, kai kana komawa. Samari ba sa jure wannan. Amma sauri ya haifi nawa, kuma yawancin gidajen da iri ke ƙare wa a Yuli ba jinkirin ruwa ne ya cinye shi ba, shukar yayyafi ce. In laima ta tabbata, wanda ya jiƙa irinsa kamar awa 8 cikin dare, ya shanya shi a inuwa har ya daina manne wa hannu, sannan ya cuɗa magani ya shuka a ranar, geronsa yakan riga fitowa. Jiƙaƙƙen iri dai ba a binne shi, ba ya kuma kwana.

Jarrabawar da ta fi zafi ita ce a yi shuka, gero ya tsira ya yi kyau, sannan sama ta rufe. Geron da ya samu ruwan shuka na ƙwarai yana iya jure kwana 10 har mako biyu a jigawa. Kada a duba shi da azahar, domin a lokacin ko lafiyayye ya naɗe ganye, sai mutum ya dawo gida da ɓacin rai a banza. Bayan sallar asuba ake zuwa. In ganyen ya warware cikin dare, yana da rai. In ya wayi gari a naɗe, ya koma launin toka, a ja tsakiyarsa a hankali. In ta zare babu gardama, ya tafi. Mukan ƙirga rami 20 a layi, a wurare huɗu ko biyar na gonar. In waɗanda suka mutu ba su kai rabi ba, cike gurbi za a yi in ruwa ya dawo. In sun haura, a shirya kashi na biyu na iri.

A cikin irin wannan farin akwai aikin yi, akwai na bari. Noman firi a yi shi, sama-sama da ashasha ko fartanya, saboda ciyawa tana raba ɗan ruwan da ya rage da gero, kuma wadda aka nome da rana tsaka ba ta sake kamawa. Huɗa a dakata, tana buɗe cikin ƙasa laima ta fice. Takin zamani a bar shi a ɗaki: a busasshiyar ƙasa ƙona saiwa yake, yuriya kuwa iska take bi. Cira ma, wato rage tsiron da ya yi yawa a rami, a jira ruwa, don in aka fizge a ƙasa mai tauri har na kusa sai ya girgiza.

To a wannan gaɓar ne dattawa ke tunkarar liman bayan magariba: "Allah gafarta Malam, gero fa ya fara ƙuna, ko za a sa rana?" Shi kuma ya ce, "To Baba, sai mu je mu ji ta bakin Maigari." Wani lokacin umarnin daga fadar Sarki yake zuwa ta hannun hakimi da dagaci, a fita rana ɗaya a duk ƙasar. Ko ta ina ya zo, ana sanarwa ne da tazarar kwana uku, kuma waɗannan kwana ukun su ne ainihin aikin, ko da yake su aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Muhtasar na Halil, wanda malamanmu ke karantarwa, ya ce an so a yi azumin kwana uku da sadaka kafin fita, amma abin da shugaba zai umarci jama'a da shi shi ne tuba da mayar da haƙƙi ga masu shi. A ƙauye kowa ya san abin da ake nufi. Wanda ya matsar da kunyar iyaka ya ci gonar ɗan'uwansa. Wanda ya nome burtali har shanu suka rasa hanya. Gonar gado da aka hana mata da marayu. Kwanon awo da aka buga wa gindi. Zakkar bara da aka yi shiru da ita. 'Yan'uwa biyu da suka shekara ba sa gaisawa. A hadisin da Ibnu Majah ya ruwaito an ambaci tauye mudu tare da shekarun fari, an kuma ce mutane ba za su hana zakka ba face an hana su ruwan sama, ba don dabbobi ba da ba a yi musu ruwa ba. Limamin da ya san aikinsa ba ya tsayawa a kan karanta wannan a huɗuba. Shi da Maigari suna kiran mutanen a zaure, biyu-biyu, a sulhunta abin da zai sulhuntu. Mata kuma suna dama gumba ko koko a raba wa almajirai da tsofaffi.

Ranar fita, da hantsi ake yi, a filin idi, lokacin yana nan har zuwa karkatar rana. A ƙafa ake zuwa, da kayan da ake sawa kullum, babu babbar rigar salla, babu turare, babu gaishe-gaishen fara'a. Tsofaffi maza da mata su fito, da yaran da suka yi wayo. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a kora dabbobi zuwa filin, ko da yake akwai garuruwan da ke yi bisa fahimtar wasu malaman, kuma ba abin faɗa ba ne. Babu kiran salla, babu iƙama. Raka'a biyu ce da karatu a bayyane, Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta ambaci Sabbi a ta farko da Wasshamsi a ta biyu. Babu ƙarin kabbarori irin na idi, kuma nan jama'a suka fi rikicewa: an tsaya a filin idi, sai na baya su yi ta jiran kabbara liman ya riga ya shiga Fatiha. A faɗa musu tun kafin a tayar.

Bayan sallama liman ya juyo, ya ɗan zauna, ya miƙe a ƙasa ba a kan mumbari ba, ya dogara da sanda ya yi huɗuba biyu da zama a tsakani. Inda ake kabbara a huɗubar idi, nan istigfari ake yi, jama'a suna amsawa. Ayoyin da ba a rasawa su ne na Suratu Nuhu, 10 zuwa 12, inda Annabi Nuhu ya ce wa mutanensa su nemi gafarar Ubangijinsu zai sako musu ruwa mai yawa, da aya ta 52 a Suratu Hudu. In ya gama sai ya fuskanci alƙibla ya juya mayafinsa, abin da ke kafaɗar dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama, ba tare da sama ta koma ƙasa ba. Maza su yi yadda ya yi suna zaune, ban da mata. Riga da hula ba sa cikin wannan, don haka mai shela ya tuna wa mutane su zo da mayafi. Fata ake yi Allah Ya juya hali kamar yadda aka juya mayafin. Sannan a tsawaita addu'a. Daga cikin abin da ya zo daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai "Allahumma agisna", da kuma "Allahumma asƙi ibadaka wa baha'imaka, wanshur rahmataka, wa ahyi baladakal mayyit", wato Allah Ka shayar da bayinKa da dabbobinKa, Ka watsa rahamarKa, Ka raya ƙasarKa da ta mutu. Muna so liman ya maimaita ma'anar da Hausa, don tsohuwar da ke sahun baya ta san abin da take cewa amin a kai. Akan kuma gabatar da dattijon da gari ya shaida da gaskiya ya yi addu'a, kamar yadda Sayyadina Umar ya gabatar da Abbas a Shekarar Toka, shekara ta 18 bayan hijira.

Wani lokacin kafin a kai gida an jiƙe. Wani lokacin kuma a watse rana tana dukan ƙeya, gobe haka, jibi haka. Hukuncin a bayyane yake: in ruwa ya yi jinkiri a sake fita, babu adadin da aka ce in an kai a daina. Abin lura shi ne fita ta biyu mutane sukan ragu, ta uku kuwa sai tsofaffi. A nan ne maganganu ke tashi. Wani ya ce limamin ne ba shi da albarka. Wani ya ce ai wane ne ya ɗaure ruwa don tubalinsa bai bushe ba, ko a ɗora wa wata tsohuwa ko wani baƙo. Wannan maganar dole manya su kashe ta tun tana raɗa, domin takan kai ga duka da kora, kuma ƙarya ce: ƙarshen Suratu Luƙman ya sa saukar da ruwa cikin abin da ke hannun Allah Shi kaɗai. Aya ta 28 a Suratu Shura ta ce Shi ne ke saukar da ruwa bayan mutane sun yanke ƙauna, wato har yanke ƙaunar ma an san da zuwanta. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito kuma ya ce ana amsa wa mutum matuƙar bai yi gaggawa ba, ya ce na roƙa ba a amsa mini ba. Gaggawar da ke sa a zuba iri a kan yayyafi ita ce dai ke hana mutum komawa fili a karo na uku.

Ana cikin wannan, maigida yana da wani lissafi a gida. Gidan da ke cin kwano 2 a rana, daga shuka zuwa sabon gero kwana 90, yana buƙatar kwano 180, buhu huɗu da rabi in buhu kwano 40 ne. Jinkirin mako uku ya ƙara buhu guda da kwano 2. A yi wannan lissafin tun ranar da aka ga ruwa ya makara, a rage awo kaɗan tun rumbu yana da kauri, a haɗa da kwaɗon zogale da rama da tafasa. Hatsin da ba a buƙata yanzu a bar shi a zangarniyarsa, ya fi sussukakke daɗewa. Shawarar da Annabi Yusufu ya ba mutanen Masar ke nan a aya ta 47 ta surarsa, ita kuma kakanninmu suka gina rumbu a kanta. In za a sayar da akuya a sayi hatsi, a kai ta Maigatari ranar Alhamis tun tana da jiki, domin in fari ya tsananta kowa dabba yake kaiwa, kuɗinta yana faɗuwa na hatsi yana hawa. Shanun huɗa su ne na ƙarshen sayarwa, a kuma riƙa ba su dusa da ragowar harawa, in ba haka ba ranar da ruwa ya dawo ba za su ja garma ba. A tsare dabbobi daga ƙaramar dawar da fari ya kama, tana da dafi, takan kashe tunkiya nan take.

Bashi kuwa nan ne tawakkali ke fitowa fili. Za a zo maka da buhu ɗaya yau, ka biya biyu da kaka. Riba ce, ko da wane suna aka kira ta. Akwai hanyar da shari'a ta yarda da ita: a biya ka kuɗi duka a hannu, a kan za ka kawo hatsi iri kaza, awo kaza, a lokaci kaza, ba tare da an ɗaura cinikin a kan wata gona takamaimai ba. A yi shi gaban shaidu biyu, a rubuta. Tsofaffinmu da suka ga farin 1973 da na 1984, suka kuma ji labarin yunwar Kakalaba ta 1914 daga iyayensu, abin da suke yawan faɗa shi ne gonakin da suka fita daga hannun masu su a waɗannan shekarun jingina da bashi ne suka tafi da su.

Jira dai yana da iyaka, kuma sanin iyakar ba rashin dogaro ga Allah ba ne. Daga ƙarshen Satumba muke ƙirgowa baya. Geron gida yana son kwana 90 zuwa 100. Geron zamani SOSAT da ire-irensa da malaman gona na JARDA, hukumar bunƙasa noma ta Jigawa, suka yaɗa sukan ɗan riga shi. A wurinmu tsakiyar Yuli ita ce ƙarshen shukar geron da ake sa ran dami. Kaura da farafara suna da lokacin fid da kai da ba ya sauyawa ko an shuka su da wuri ko a makare, to wadda aka makara da ita takan zo neman ruwa bayan ya ɗauke. A bar ta sai a kwari mai riƙe laima. Gyaɗa mai saurin nuna, irin SAMNUT 24, tana son wajen kwana 90, lokacinta ɗaya da gero. Waken zamani mai kwana 60 zuwa 75 yana karɓar shuka har farkon Agusta, amma ban da kananado, wanda ke jan lokaci. Riɗi ma yana jure makara fiye da hatsi, sai kankana a can ƙarshe. Hasashen da NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, ke fitarwa a farkon kowace shekara, na ranar kamawar damina da ɗaukewarta da inda ake tsammanin fari, muna saurarensa a rediyo muna sa shi a lissafi. Haka lissafin taurarin da malamai ke riƙe da shi, Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, kowanne kwana 13 ban da Jabha mai 14, yana taimakawa wajen sanin inda damina ta kai. Iyakarsu ke nan. Tun a Hudaibiyya aka hana a ce tauraro kaza ne ya ba mu ruwa, abin faɗa shi ne an yi mana ruwa da falalar Allah da rahamarSa.

Shawara mafi nauyi ita ce ta gonar da geronta ya rage tsilli-tsilli, lokaci kuma ya ƙure: a bar shi, ko a sa garma a kife a zuba wake da riɗi? A fara da zagaya gonar tare da wanda ya fi ka shekaru a noma, a ji ta bakin malamin gona in yana kusa, a duba abin da ya rage na iri da kuɗin feshi, don waken zamani ba feshi sau biyu ko uku ba ya ba da komai. Bayan nan a yi istihara, raka'a biyu na nafila da addu'ar da aka koyar, a ambaci abin da sunansa. Ba sharaɗi ba ne a yi mafarki, kuma masu kwana uku suna jiran mafarki laima ce ke wuce su. A yi abin da zuciya ta natsu a kai, in ya zo da cikas a kama ɗayan. Wanda ya zaɓi sake shuka gero a makare ya nemi maƙwabtan da za su yi tare, domin gonar da ta nuna ita kaɗai bayan kowa ya girbe, tsuntsaye a kanta za su taru.

Ranar da ruwa ya dawo da gaske, a ce "Allahumma sayyiban nafi'an", a kwana da shiri. Da farko cike gurbi, ko da iri ko da dashe: a cire daga ramin da ya yi yawa, a bar biyu ko uku, a datse kan ganyen waɗanda aka cire a dasa su da yamma a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Dashe ya fi sabon iri a wannan lokacin, don tsaransu ɗaya da na gonar. Sai taki. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya watsawa: murfin kwalbar lemo ɗaya na NPK, wajen giram 6, a gefen kowane gindi da tazarar yatsa uku ko huɗu, a rufe da ƙasa. Gonar da aka shuka taku ɗaya-ɗaya tana da rami kusan 10,000 a hekta, kilo 60 ke nan, buhu ɗaya da ɗan ɗori. Yuriya ta biyo baya in gero ya kai gwiwa, ita ma a binne ta. Daga nan wake a tsakanin layi, sai maimai da huɗa. Sau da yawa shekarar da ta fara da fari sai Agusta ta zo da ruwa fiye da kima, a koma gyaran indararo da tare katanga. Mutanen bakin kogin Haɗeja, Ringim da Auyo da Kafin Hausa, sun ga abin da ambaliya ta yi a 2022. Addu'ar wannan halin ma tana nan: "Allahumma hawalaina wa la alaina", a kewayenmu ba a kanmu ba.

Da kaka sai batun zakka, wanda irin wannan shekarar ke rikita mutane don an raba gona iri-iri. Nisabi wusƙi 5 ne, sa'i 300, wato mudun Annabi 1,200, abin fitarwa kuma ɗaya cikin goma tunda ruwan sama ne ya shayar. A Risala gero jinsi ne da kansa, dawa jinsi ce da kanta, ba a haɗa su don a cika nisabi, amma dangin wake ana haɗa su wuri ɗaya. Don haka mutum zai iya samun gero kaɗan, dawa kaɗan, wake kaɗan, babu wanda ya kai, zakka ba ta hau kansa ba. A auna tukuna kafin a yanke, kada a yi da ido. Wanda nasa bai kai ba, abin da aka saba shi ne ya ware dami ɗaya ko biyu ya aika gidan da gonarsu ta ƙone gaba ɗaya, yaro ya kai bayan isha'i.